Me Ya Sa Bidiyo Ba Ya Yankuwa Daidai Inda Ka Yanke Shi? Daga Rikodar DVD Zuwa Wayarka

Idan ka taɓa yanke bidiyo, ka tsaya ka daidaita wurin yankan da kyau, amma da ka tura wa wani sai ya fara da ɗan guntun abin da ka cire, ko hoton ya daskare kaɗan kafin ya ci gaba, to bayanin yau naka ne. Laifin ba na yatsanka ba ne, kuma matsalar ta girmi wayar Android nesa ba kusa ba. Duk mai ɗaukar bidiyon biki da ya yi aiki da rikodar DVD ya san ta. Rikodar DVD ita ce na'urar nan mai kama da ta kallon fim, sai dai ita tana naɗar bidiyo a kan faifai, wasu ma suna da rumbun ajiya a ciki.

Ga dalilin da ya sa na ɗauko zancen na'urar da ake ganin zamaninta ya wuce. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a watan Maris na 2020. A tsakanin nan ne ma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2016. Wato duk bidiyon bikin da aka ɗauka kafin wannan dogon hutu, an ɗauke shi ne kafin waya mai kyamara mai kyau ta yawaita a hannun mutane. Yana kan kaset, ko kan faifan DVD, a cikin durowar gida ko kwalin shagon mai hoto. Haka bidiyon auren yayyenmu, da walimar sauka, da hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi. A ciki akwai fuskoki da muryoyin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, kuma sau da yawa kwafi ɗaya ne tak. Yanzu aikin dawo da su cikin waya ya faɗo kan mu yara, tunda mu ake ce wa mun iya kwamfuta. Wanda bai san yadda bidiyo yake a ajiye ba, zai iya lalata wannan kwafi ɗayan da hannunsa.

Ayari da madugu

A Najeriya tsarin talabijin ɗinmu na da shi ne PAL, mai nuna hoto 25 a kowane sakan, kuma a faifan DVD girman kowane hoto ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. Da za a ajiye kowane hoto cikakke ba tare da matsewa ba, sakan ɗaya zai ci sama da megabait 20, faifai mai gigabait 4.7 kuwa ba zai ɗauki ko minti 4 ba. Amma ga shi yana ɗaukar awa 2. Dabarar da ake kira MPEG-2 ce ke yin wannan aiki, kuma daga ita matsalar yankan ta samo asali.

Abin da take yi shi ne, ba ta ajiye kowane hoto cikakke. Tana ajiye guda ɗaya cikakke, sai waɗanda ke biye da shi ta rubuta bambancin da ke tsakaninsu da shi kawai: wannan hannu ya ɗan ɗaga sama, wancan kwalekwale ya matsa dama, sauran wurin yana nan yadda yake. Bayan hotuna 12 zuwa 15, sai ta sake ajiye wani cikakke, a sake sabon lale. Ƙa'idar DVD ta PAL ba ta yarda rukunin ya wuce hoto 15 ba, wato kusan rabin sakan kenan ko ɗan fiye.

Ka ɗauki kowane rukuni a matsayin ayari. Cikakken hoton nan na farko shi ne madugu, masana suna ce masa hoton I. Mabiyansa iri biyu ne. Hoton P yana duba na baya ne ya gina kansa. Hoton B kuwa yana duba na baya da na gaba duka, shi ya sa ma ba a jere su a cikin fayil yadda ido ke ganinsu, dole a fara karanta na gaban kafin a iya zana shi. Madugu yana iya tsayawa shi kaɗai. Mabiyi idan aka raba shi da madugunsa ya zama bayanin bambanci da wani abu da babu shi.

Bari mu kawo misali. Kana da bidiyon ranar babban kamu a kogin Matan Fada, kana son guntunka ya fara daidai lokacin da aka harba bindiga, masunta suka kwasa a guje da koma da gora suka faɗa ruwa. Ka bi da rimot hoto bayan hoto har ka tsaya a kan wanda hayaƙi ya fito. Damar a ce wannan hoton madugu ne, ɗaya ce cikin 12 ko 15. Mafi yawan lokuta a tsakiyar ayari ka tsaya. Idan na'ura ta goge duk abin da ke gabanin nan, ta goge madugun kenan, kuma hotunan da suka rage har zuwa madugu na gaba ba za su zanu ba. Saboda haka dole ta zaɓi ɗaya: ko ta ja yankan baya ta bar maka guntun abin da ba ka so, ko ta tura shi gaba ka rasa harbin bindigar, ko ta sake ƙera hotunan.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ke sa sauti ya yi tsalle a wurin yanka. Hoto ɗaya yana ɗaukar kashi 40 cikin 1000 na sakan, guntun sautin Dolby Digital da yawancin rikodoji ke amfani da shi kuwa kashi 32 ne. Iyakokinsu ba safai suke haɗuwa ba, don haka sai ka ji ɗan shiru ko ɗan ƙyas a mahaɗar.

Dabarar da rikoda ke yi maka

Kamfanin Pioneer ne ya fitar da rikodar DVD ta farko a Japan a ƙarshen 1999, Panasonic ya biyo baya a 2000. Tun daga lokacin masu ƙera su suka san da wannan matsala, sai suka fito da tsarin naɗa iri biyu.

Na farko shi ne tsarin Video, irin na faifan fim da ake sayarwa a kasuwa. Idan ka buɗe shi a kwamfuta za ka ga folda mai suna VIDEO_TS. Kusan kowace na'urar kallo tana kunna shi, amma ba ya yarda a fara nuni daga tsakiyar ayari.

Na biyu shi ne tsarin VR, wanda ake yi a kan DVD-RAM da DVD-RW, kuma irin wannan salon rumbun ajiyar rikodar ke bi. A nan idan ka yanke a tsakiyar ayari, na'urar ba ta jefar da madugun. Tana barinsa a wurinsa, sai ta rubuta wa kanta cewa idan an zo nan a karanta ayarin tun daga farko a ɓoye, amma kada a nuna komai sai an kai hoto na bakwai. Kai kana kallo a talabijin ka ga yankan ya zauna daram. Gaskiyar magana ɓoye hotunan aka yi, suna nan.

Sai ranar kwafa asiri ke tonuwa. Ka zaɓi kwafa mai sauri daga rumbun ajiya zuwa DVD-R a tsarin Video don a iya kallo a kowane gida. Kwafa mai sauri ba ta taɓa hotunan, ɗaukar ayarin take yi yadda yake ta zuba a faifai, kuma umarnin ɓoyewar nan ba shi da mazauni a tsarin Video. Nan take yankan ya koma bakin ayari mafi kusa. Shi ya sa mai bidiyo zai rantse ya cire inda kyamara ta kalli ƙasa, amma amarya ta kunna faifanta ta ga walƙiyar takalman mutane kafin a nuna ta.

Wasu rikodojin Pioneer masu rumbun ajiya sun fito fili da zancen. Kafin ka fara gyara sai su tambaye ka wane iri kake so, Frame Accurate ko Video Mode Compatible. Na farkon yana ba ka damar tsayawa kan kowane hoto, tare da gargaɗin cewa wurin zai iya gocewa lokacin kwafa. Na biyun ba ya barin ka yanke sai a bakin ayari, don haka abin da ka gani shi za ka samu a faifai. A ganina na biyun ya fi gaskiya, kuma shi zan zaɓa duk lokacin da faifan zai bar hannuna. Su kuma na Panasonic suna da saitin Seamless Play: idan ka kunna shi mahaɗar tana wucewa sumul amma wurin yankan yana ɗan matsawa, idan ka kashe shi yankan ya tsaya daidai amma hoton yana iya ɗan daskarewa.

To idan lallai sai yankan ya zauna daidai fa?

Hanya ɗaya ita ce ka kwafa a hankali, wato na'urar ta kunna bidiyon tana sake matse shi daga farko har ƙarshe. Tunda sabbin ayari take ƙerawa, hoton da ka zaɓa sai ya zama madugu. Yankan ya fita daidai. Kuɗin da ka biya shi ne lokaci, domin bidiyon awa 2 zai ci awa 2 cur kana addu'ar kada a ɗauke wuta, sannan inganci. MPEG-2 tana zubar da wani abu duk lokacin da ta matse, kamar a yi wa takarda hoto, a sake yi wa hoton hoto.

Kuma bidiyon Argungu yana cikin mafi wahalar abin da za ka ba wannan dabara. Ka tuna ta dogara ne da cewa yawancin hoton ba ya canjawa. Mutum yana jawabi a gaban bango, wannan abu ne mai sauƙi. Amma dubban mutane suna motsi lokaci guda, ruwa yana fantsama, ƙura ta tashi, mai kyamara ma yana juyawa, babu inda ya tsaya cik. Nan ne hoton ke farfashewa zuwa ƙananan murabba'ai. Idan asalin an naɗe shi a SP, wato awa 2 a faifai, sake matsewa sau ɗaya a XP mai awa 1 ba zai yi muni sosai ba. Amma wanda ya danna LP mai awa 4 ko EP mai awa 6 zuwa 8 don ya cusa bikin kwana huɗu a faifai ɗaya, ya yi asarar da babu manhajar da za ta dawo da ita. Da yawa daga tsofaffin rikodoji ma rage faɗin hoton suke yi zuwa ɗigo 352 a waɗannan matakan. Faifai biyu sun fi araha a kan wannan.

Wata hanyar ita ce ka kwafa da sauri zuwa DVD-RW a tsarin VR. Inganci bai ragu ba, yankan ma yana nan, sai dai na'urorin kallo da yawa, musamman masu araha, ba sa karanta shi. Wanda ke karantawa yakan zo da tambarin RW Compatible a jikinsa.

Ni dai shawarata ga mai aiki da rikoda ita ce ya daina faɗa da rabin sakan. Ka yanke a inda babu abin da zai ɓace idan wurin ya goce: sakan ɗaya kafin harbin bindiga, lokacin da jama'a ke tsaye a bakin gaɓa suna jira. Ba a tsakiyar kalmar mai magana ba, ba a tsakiyar bugun kalangu ba. Sannan ka yi gyaran a jerin kunnawa, abin da menu ke kira Playlist, kada ka yi a kan asalin. Jerin kunnawa umarni ne kawai na a nuna nan a tsallake can. Gogewa a kan asali kuwa ba ta da gyara.

Rufe faifai

Faifan DVD-R da aka naɗa a tsarin Video ba ya kunnuwa a wata na'ura sai an rufe shi, abin da za ka gani a menu da sunan Finalize. A lokacin ne rikodar ke rubuta teburin da ke nuna inda komai yake. Yana ɗaukar 'yan mintuna, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya faifan zai iya tashi daga aiki, don haka a yi shi da janareto ko inbata. DVD+RW da DVD-RAM ba sa buƙatar wannan.

Ka kula da wannan sosai, domin a nan aka fi yin ɓarna. Idan ka sa tsohon faifai a kwamfuta ta nuna maka kamar babu komai a ciki, ko Windows ta tambaye ka yadda kake son amfani da shi ko a share shi, kada ka amsa. Fitar da shi ka juya bayansa a haske. Idan ka ga zoben da launinsa ya bambanta ya faro daga tsakiya, akwai bidiyo a ciki, rufewa ce ba a yi ba. Mafi sauƙi a mayar da shi cikin na'urar da ta naɗe shi, ko irinta ta kamfani ɗaya, a rufe. Idan babu, manhajar IsoBuster tana iya zaƙulo bidiyon daga faifan da ba a rufe ba. Wannan ya fi faruwa da ƙananan faifan nan masu faɗin santimita 8 na kyamarorin hannu, masu ɗaukar kusan minti 30, saboda mutane suna cirewa su sa wani a tsakiyar biki su manta.

Daga faifai zuwa waya

Idan ka samu kwamfuta mai karanta DVD, ko na'urar karantawa ta USB, ka manta da gyara a rikoda. Abu na farko, ka kwafe foldar VIDEO_TS gaba ɗaya yadda take, ko ka mayar da faifan fayil ɗin ISO da ImgBurn. Idan tsarin VR ne foldar sunanta DVD_RTAV, bidiyon yana cikin VR_MOVIE.VRO. Wannan kwafin shi ne asalinka, ka ajiye shi wuri biyu, kada ka yanke komai a jikinsa. Filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, saboda haka idan ISO ya ƙi shiga ba filashin ne ya lalace ba.

A cikin VIDEO_TS za ka ga fayilolin VOB an raba su kusan gigabait 1 kowanne. Kada ka juya su ɗaya bayan ɗaya, domin rabon bai damu da inda magana ta tsaya ba, za ka samu tsalle a kowace mahaɗa. Ka buɗe foldar duka a HandBrake, kyauta ce, ita za ta haɗa su ta fitar maka da MP4 guda. Ka tabbata tacewar Deinterlace tana kunne, in ba haka ba duk abin da ke motsi zai fito da layi-layi kamar haƙoran matsefi, saboda talabijin na da rabin hoto yake nunawa sau 50 a sakan. Ka bar girman yadda yake. Ɗaga shi zuwa 1080 ba ya ƙara komai sai nauyi da cin data. Idan ka ga mutane sun rame ko sun yi faɗi, ka duba ko an saita shi a 4:3.

Ba sai na faɗa ba, ina maganar bidiyon gidanku ne ko wanda mai shi ya ba ka izini. Kwafar finafinan mutane ana sayarwa ta riga ta yi wa 'yan Kannywood illar da ta isa.

Yanzu mu dawo kan wayarka. MP4 ɗin da ke cikinta yana amfani da H.264 ko H.265, jikokin MPEG-2, kuma ayari da madugu suna nan. Bambancin shi ne ayarin ya fi tsawo. Kyamarar waya takan sa madugu kusan kowane sakan, bidiyon da aka sauke daga intanet kuwa tazarar tana iya kai sakan da yawa, har 10. Don haka gocewar da ke rabin sakan a DVD tana iya zama babba a waya.

Manhajojin yanka ma sun kasu kamar hanyoyin rikoda. Wadda ta gama cikin ƙiftawar ido ba ta sake matsewa ba, inganci yana nan amma yankan yana bin madugu. Wasu suna yin irin dabarar VR, su bar hotunan su sa umarnin ɓoyewa a cikin fayil ɗin, shi ya sa guntun ke yin daidai a wayarka amma ya nuna ragowar a wayar da ba ta bin umarnin. Su CapCut da KineMaster da InShot kuwa sake matse komai suke yi, yankan ya fita daidai, inganci ya ɗan sauka. Ka tura a WhatsApp a matsayin bidiyo ya sake matsewa, wanda ya karɓa ya ɗora a Facebook a sake. Bidiyon da tun asali 576 ne ba ya jure wannan. Idan kana son ɗan'uwanka ya samu yadda yake, tura shi a matsayin Document, WhatsApp yana karɓar har gigabait 2 ta nan kuma ba ya taɓa shi.

A kwamfuta, LosslessCut da Avidemux suna yanka ba tare da matsewa ba. Na fi son Avidemux wajen koyo, domin tana nuna maka ko hoton da kake kai I ne ko P ko B, kuma maɓallin sama da na ƙasa suna tsallakawa daga madugu zuwa madugu. Minti biyar da ita za ka ga duk abin da na bayyana da idonka. Ga masu son rubuta umarni, ga na FFmpeg:

ffmpeg -ss 00:12:05 -i argungu.mp4 -t 40 -c copy guntu.mp4

Wannan zai ciro sakan 40 daga minti 12 da sakan 5, amma zai faro ne daga madugun da ke kafin wurin. Idan ka cire -c copy zai sake matsewa ya fara daidai inda ka ce. Akwai kuma hanya ta tsakiya da wasu manhajoji irin su TMPGEnc MPEG Smart Renderer ke bi: su sake ƙera ayarin da yankan ya faɗa ciki kawai, sauran su kwafe shi yadda yake. Ita ce mafi kyau ga wanda ke son yanka daidai ba tare da ya taɓa ingancin sauran bidiyon ba.

Faifan ba zai jira ka ba

DVD-R ba kamar faifan kamfani ba ne da ake bugawa. Wani siririn rini ne tsakanin roba biyu, hasken leza ya ƙona alamomi a jikinsa, kuma zafi da hasken rana suna cin rinin a hankali. Mu kuma a Birnin Kebbi da Argungu zafin Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, ɗakin kwano ya fi haka, balle gaban mota. Ana rubuta faifai ne daga tsakiya zuwa baki, kuma bakin ne ya fi shan yatsu da karce, shi ya sa tsohon faifai ke fara sarƙewa a ƙarshen bidiyo, daidai inda ake auna babban kifi ko ake kai amarya.

Idan za ka goge shi, ka sa tsumma mai laushi ka ja daga tsakiya zuwa baki a miƙe, kada ka bi zagaye. Idan ya ƙi karantuwa a wata kwamfuta ka gwada wata, domin na'urorin karantawa sun bambanta wajen haƙuri da faifai mai rauni. Wanda ya fara sarƙewa shi za ka fara kwafewa, sauran su biyo baya.